Sankarar Bakin Mahaifa: A Fassara Wa Mata Sakamakon Gwajinsu

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Wannan karin magana ya dace da halin da mace daga Mashi ko ƙauyukanta kan shiga idan aka duba mata bakin mahaifa, aka miƙa mata takarda da Turanci, aka ce an ga ƙwayar HPV. Sau da yawa abin da kunnenta ke ji shi ne an yanke mata hukuncin mutuwa, maigida kuma ya fara zargi.

Ya kamata jama'a su sani cewa samun ƙwayar daban, kamuwa da sankara daban. Ƙwayar tana yaɗuwa ta hanyar saduwa, kuma akasarin ma'aurata kan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu. Cikin goma, kusan tara jiki ne ke kawar da ita da kansa cikin shekara 2. Wadda ta daɗe a jiki ce abin tsoro, musamman nau'i na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Ko ita ma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗa. Idan gwaji ya nuna sauyi a bakin mahaifa, ana iya magance wurin da zafi ko sanyi cikin mintuna kaɗan. Haka kuma ƙwayar kan ɓuya shekaru ba alama, a jikin miji ko mata, saboda haka ganinta ba hujja ba ce ta cin amanar aure.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu a Nijeriya, 8,000 suka rasu. Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi kyauta a Oktoba 2023, aka iso Jihar Katsina a Mayu 2024. Amma allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu; iyayen yaran nan gwaji suke buƙata, aƙalla a shekara 35 da kuma 45.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da ta haɗa likitoci da masana harshe su daidaita kalmomin da za a riƙa bayyana sakamako da su, a buga da boko da ajami, a rarraba wa asibitocin shiyyar Daura. A kuma horar da ma'aikata mata su zauna da kowace mace su faɗa mata ranar da za ta dawo. Sarakuna da limamai su ja hankalin magidanta su ba da izini, su kuma daina zargi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.