Kuskuren Mai Wayarin Cikin Bango Yake Kwana

Duk unguwar da ake sabon gini, daga Rijiyar Zaki a Kano har Rigasa a Kaduna, akwai wani yaro da ba a rasawa a wurin. Shekarunsa ba su wuce goma sha shida ba. Yana saman tsanin katako, testa a maƙale a bayan kunne, salatif a aljihu, yana sassaƙar bango da guduma domin a binne bututun da waya za ta bi. Maigidansa yana ƙasa suna ja-in-ja da mai ginin.

"Alhaji, wannan wayar ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba."

"Malam, a sa ta haka nan. Siminti ya cinye kuɗin."

Sai a sa. Birkila ya zo ya shafe da filasta, mai fenti ya bi bayansa, amarya ta tare. Daga ranar babu idon da zai ƙara ganin wayar nan, yaron kuma ya sauko daga tsani da darasin da ya ɗauka: haka ake yi.

A nan sana'ar lantarki ta sha bamban da sauran sana'o'in hannu. In tela ya ɓata ɗinki, ranar Sallah za a gani. In kafinta ya yi ƙofa a karkace, ranar da aka kafa ta za ta ƙi rufuwa. Kuskuren mai wayarin kuwa kwanciya yake yi a cikin bango ko saman silin, shekara biyu, shekara biyar, yana ɗumi a hankali, har wani dare da za a kawo wuta da ƙarfi bayan kowa ya kulle shago ya tafi gida. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba. A farkon 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone, bayan kimanin wata biyu ta Katsina ta biyo baya. Ba kowace gobara ce lantarki ke haddasawa ba, amma duk mai sauraron bayanin jami'an kashe gobara a rediyo ya san yadda matsalar wayoyin wuta ke yawan fitowa daga bakinsu, musamman a lokacin hunturu.

To, su waye suke haɗa wayoyin nan, kuma a ina suka koya?

A takarda Nijeriya ba ta rasa makarantu ba. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedikwatarta take. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta samo asali tun 1956. Asusun ITF na horar da ma'aikatan masana'antu, wanda aka kafa a 1971, yana Jos, hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 tana shirya jarrabawar ɗaliban kwalejojin fasaha, sannan a 2009 aka kafa NAPTIN domin horar da ma'aikatan wutar lantarki, da cibiyoyi a wurare irin su Kainji da Kaduna da Kano da Jos. Sai dai mutumin da ake kira in soket ya yi hayaƙi a gida, ko famfon burtsatse ya tsaya, da wuya a ce ya taɓa taka ƙofar ɗaya daga cikinsu. Makarantarsa shagon maigida ce. Mahaifinsa ne ya riƙo hannunsa ya damƙa shi, ya fara da ɗaukar jaka da riƙe tsani, ya kai ga fere waya, ya kai ga ɗaura fanka, har bayan wasu shekaru aka yi addu'a aka yaye shi.

Wannan tsari ba abin rainawa ba ne. Shi ya ɗauke dubban yara daga zaman kashe wando ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba, kuma yana koyar da abin da aji ba ya iya koyarwa: saurin hannu, sanin kayan kasuwa, ladabin shiga gidan mutane, da gane matsalar injin daga ƙararsa kawai. Akwai tsofaffin masu gyara da za su saurari injin niƙa na minti ɗaya su ce layi ɗaya ya faɗi a cikin layukan wuta uku da yake aiki da su, a duba a tarar haka ne.

Abin da maigida ba zai iya bayarwa ba shi ne abin da shi ma ba a ba shi ba, wato lissafi. Wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce. Hita mai wat 3,000 tana jan kimanin amfiya 13, kuma siririyar waya mai kauri 1.5 da aka yi domin fitilu ba ita ya kamata ta ɗauki irin wannan nauyi ba, balle an jingina mata firji da dutsen guga. Soket yana son 2.5, manyan kaya suna son 4 ko 6. Wanda ya san dalili zai tsaya wa Alhaji, ya ce ko a saya mai kauri ko a nemi wani. Wanda ya haddace kawai zai bi umarnin mai kuɗi. Haka batun fis: in ya tsinke, yaron da bai san aikinsa ba zai naɗa waya mai kauri a gurbinsa don kada ya sake tsinkewa, bai san ya kori maigadin gidan ba ne. Ga wayar ƙasa da ake haɗawa da sandar ƙarfe a binne, wadda gidaje da yawa ba su da ita sam, waɗanda suke da ita ma ba wanda ya auna ko tana aiki in ƙasa ta bushe ƙayau da rani. Ga jabun waya da ta cika kasuwa, waje jan ƙarfe, ciki alminiyum. Ga janareta da ake haɗawa da layin gida ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa ta koma kan falwaya ta samu ma'aikacin da ya hau yana da yaƙinin an kashe layin. Wutar da ƙwan fitila mai wat 60 yake ja ta ninka abin da zai iya tsayar da zuciyar mutum, shi ya sa na'urar kariya daga shokin take yanke wuta tun a miliamfiya 30. Yara nawa ne a saman tsani suka taɓa jin wannan?

Duk abin da aka lissafa ba ya buƙatar digiri. Watanni kaɗan na karatu mai tsari sun isa, ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

Amma ba nan kuɗin suke tafiya ba. Abin da aka saba gani shi ne horon mako biyu a ɗakin taro, a raba wa matasa jaka mai filaya da testa da sukudireba, a ɗauki hoto, a watse. Mai wannan rubutu yana ganin irin wannan horo ya fi rashinsa haɗari a fannin lantarki, domin yana ba yaro takarda da ƙarfin hali ba tare da ilimin da zai kare shi ba. Wanda ya koyi yin sabulu a mako biyu in ya kuskure, sabulu ne ya lalace. Wanda aka ce ya zama mai wayarin a mako biyu, gidan mutane za a ba shi. A Jamus, inda ake haɗa aiki a kamfani da zuwa makaranta, shekara uku da rabi ake yi kafin a kira matashi ma'aikacin lantarki.

An taɓa yin irin wannan gaggawa. Lokacin da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarun 1980 an shigo da injinan koyar da fasaha aka rarraba wa makarantun sakandare, da yawa suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda ba malami, ba wuta, ba ɗakin da za a kafa su. Sanarwar da gwamnatin tarayya ta yi a 2025 ta ɗauke kuɗin makaranta da ba da alawus ga ɗaliban kwalejojin fasaha abin a yaba ne, sai dai alawus ba zai maye gurbin malamin da ya taɓa aiki da hannunsa ba, kuma ba zai sayi wayar da ɗalibi zai yanka ya ɓata har ya ƙware ba.

Hanyar da ta fi kama hankali tana nan a Kaduna. Tsohuwar kasuwar Panteka ta daɗe tana yaye masu walda da maƙera da kafintoci da masu gyaran injina, kuma a 'yan shekarun nan Kwalejin Kaduna da NBTE, a ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, suka shiga cikinta da tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wanda ke auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi takarda a kai. Ma'anar abin ita ce makaranta ta je ta samu mai sana'a a inda yake, ba ta jira ya ajiye abincinsa ya zo ya zauna a benci ba. Wannan ne ya kamata a yi wa masu gyaran wuta a kowane babban gari. Ɗakunan gwaji na kwalejojin fasaha suna kulle daga la'asar, suna kulle Asabar da Lahadi. A buɗe su. A koyar da Hausa, domin dokar Ohm ba ta san Turanci ba, kuma yaron da ya haddace izu sittin ba zai gagara riƙe jadawalin kaurin waya ba. A fara da iyayen gidan kansu, tunda kowane ɗaya yana da yara biyar ko goma a bayansa. A ƙarshe a gwada mutum a gaban allo da waya da mita, ba a kan takardar tambayoyi kawai ba.

Takardar kuma sai ta zama mai amfani. Tun 2015 doka ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su, Ma'aikatar Ƙwadago kuma ta daɗe tana ba da shaidar gwajin sana'a mai mataki uku. Amma muddin shugabannin kasuwa za su bar kowa ya ja waya daga shagon maƙwabci, muddin mai gini ba zai tambayi shaida ba, to wanda ya wahala ya yi karatu da wanda ya sayi testa jiya farashinsu ɗaya. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Jihar da take da niyya tana iya farawa da abu ɗaya: ba shagon kasuwa da za a ba wuta sai wanda yake da shaida ya duba ya sa hannu.

Lokaci ma ya ƙure, saboda sola. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, aka ƙara wa masu amfani da wuta na rukunin A kuɗi a 2024, sannan Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a watan Oktoban shekarar bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, faifan sola ya hau rufin masallatai da asibitoci da shagunan caji, ya shiga gonakin rani yana jan ruwa. Aiki ne mai yawa ga matasa, kuma zai daɗe, domin abin da aka kafa yau gobe gyara zai nema. Sai dai wutar batir da faifai tana da nata hali: in ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta layi, kuma faifan ba ya daina ba da wuta muddin rana na sama. Masu kafawa da yawa a bidiyon waya suka koya, suna jera batura a ɗakin da ba taga, kusa da katifa.

Akwai kuma gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu. In soket ya ƙone da hantsi, matar gida sai ta jira maigida ya dawo da dare, ko ta tura ƙaramin yaro ya taɓa. Macen da ta koyi gyaran wuta za ta shiga har ƙuryar ɗaki ba tare da an yi shimfiɗar neman izini ba, za ta duba dutsen guga da hita da wayar firji a wurin da aka fi amfani da su. A ajin yamma na farko da za a buɗe, a ware mata benci.