Littafin 'Yan'uwa Mata Huɗu Da Ya Ƙi Tsufa

Jama'a, akwai wani littafin Turanci da a ke kira Little Women, watau Ƙananan Mata, wanda wata Ba'amurkiya, Louisa May Alcott, ta wallafa a 1868, ta ƙara kashi na biyu a 1869. Ita ta rasu tun 1888, amma littafin bai bi ta ba. Har yanzu ana buga shi, an kuma mai da shi wasan sinima a 1933 da 1949 da 1994 da 2019. To, mene ne ya hana shi tsufa?

In ka buɗe shi ba za ka tarad da sarki ko aljani ba. Labari ne na 'yammata huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, Meg da Jo da Beth da Amy. Ubansu ya tafi wurin yaƙin basasar Amurka, ya bar su da uwarsu cikin rashi. Ran nan Amy ta yi fushi, ta jefa rubutun Jo cikin wuta, Jo ta ƙi yafe mata, sai da ta ga ƙanwar tata ta faɗa ruwan ƙanƙara tana shirin halaka. Da aka aiko uban ba lafiya, Jo ta yanke gashinta ta sayar dala 25 don uwarsu ta sami guzuri. Beth kuwa ta ɗauko zazzaɓi garin taimakon matalauta, daga bisani ta rasu, kamar yadda ƙanwar mawallafiyar ta rasu a 1858.

A ganinmu asirin ke nan: matar nan ta ɗauki al'amuran cikin gida a bakin abin da ya isa a rubuta. Mu da muka tashi a Tafashiya ta ƙasar Kankiya ba mu taɓa ganin tafki ya daskare ba, amma wane ne cikinmu bai ga ya da ƙanwa sun yi faɗa kan zane da hantsi, da almuru suna ƙunsa wa juna lalle ba? Wa bai ji kukan ƙanwa ranar da a ke kai yarta ɗakin miji ba? Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sa'an nan mu dubi namu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu tsofaffin almajiran Kwalejin Katsina, da Ganɗoki na Bello Kagara. Lalle muna alfahari da su. Amma fa maza ne suka rubuta, maza ne kuma taurarin labarin; mace a ciki sai dai uwar wani ko matar wani. Sai a 1980 So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid ya fito, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo baya da irin su Wa Zai Auri Jahila?

Wani zai ce tarbiyyar Turawa dabam, tamu dabam. Gaskiya ne, ba kuwa cewa muka yi a kwaikwayi ɗabi'unsu ba. Abin da mu ke tsoro shi ne yarinya ta sha wahalar koyon karatu, ta buɗe littafi, ta rasa mai kama da ita a ciki, har ta zaci karatu kayan maza ne, ta ajiye.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa masu shirin zama malamai, in an ba ku aji, ku sa wa 'yammata irin waɗannan littattafai a hannu. Kada kuma ku raina yarinyar da ta rubuta labarin daka da ɗiban ruwa da faɗanta da yarta. Ku gyara mata, ku ce ta ƙara. Da irin wannan ne wancan littafi ya shekara fiye da 150 bai tsufa ba.