Shawara Ga Masu Shiga Wasan Farautar Kacici-kacici

Tunda aka kafe sanarwar wasan farautar kacici-kacici na wannan zango, kowa sai rububin wanda ke zuwa na ɗaya a aji yake, don ya ja shi cikin ƙungiyarsa. Ni a ganina ƙungiyar da ke sauraren kowa ita ke cin wasan nan, kuma na faɗi haka ne don na ji a jikina.

A zangon da ya wuce ni ce shugabar ƙungiyarmu. Takarda ta uku da muka samu, lambobi ne kawai a jikinta: 6, 1, 13, 6, 15. Nan take na tara su na samu 41, na ja kowa muka bazama neman tebur mai lamba 41. Wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya ta ce, "Yaya, ko dai haruffa ne?" Na ce ta yi mana shiru. Ashe ita ce mai gaskiya. A ita ce 1, B ita ce 2, har zuwa Z mai lamba 26, amsar kuwa FAMFO ce. Kafin mu farga, sauran ƙungiyoyi sun daɗe da barin bakin famfo, mu muka zo na ƙarshe. Har yau ina jin kunyar yarinyar nan.

Don haka ga shawarata. Ku karanta takarda da ƙarfi sau biyu kafin kowa ya motsa, domin sauri ya haifi nawa. Ku bar kowa ya faɗi abin da ya gani, ku fara da ƙaramin cikinku. Ku raba aiki: mai rubutu, mai duba agogo, mai gudu. Kada ku yar da tsohuwar takarda, wani lokaci sai an haɗa amsoshin baya ake gane ta ƙarshe. Idan lambobi ne, ku gwada haruffan Turanci da na Hausa, saboda ɓ, ɗ da ƙ suna canza lissafin. In kun yi minti biyar ba ku gane ba, ku nemi satar amsa wajen malami idan doka ta yarda, ba abin kunya ba ne.

Ko manya ma a ƙungiya suke yin wasan nan. A jami'ar MIT ta Amurka ana yin irinsa tun 1981, a watan Janairu. Ƙungiyar da ta fara gano kwabon da aka ɓoye ita ke shirya wasan shekara mai zuwa. In ɗaliban jami'a na buƙatar juna, ina ga mu?

Bana na sake shiga, kuma yarinyar nan na fara roƙa ta dawo cikinmu. Ta yarda, amma da sharaɗin ita za ta riƙe takarda. Allah ya ba mai rabo sa'a.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.