Amina ta Allon Talabijin da Amina ta Littattafan Magabata

Tun da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix a watan Nuwamban 2021, ya kuma lashe kyautar gwarzon fim a gasar AMVCA ta 2022, yaranmu na New Bell suka sami sarauniya mai fuska da murya. Ka tambayi ɗan makaranta a layukan Kasuwar Kwango wace ce Aminar Zazzau, zai zayyana maka takobinta da soyayyarta da makircin fadar mahaifinta. Da Faransanci yake karatu, da wuya ya taɓa buɗe littafin tarihin ƙasar Hausa. Abin da allo ya nuna masa, shi ke nan tarihi a wurinsa.

Ba mu ga laifin masu fim don sun yi ƙari ba. Abin da magabata suka rubuta game da Amina bai fi cikin cokali ba, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ajiye ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Riwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, ta ƙarni na 16. Tazarar ta haura shekara ɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infakul Maisuri, ya ambaci yadda ta karɓi haraji daga Kano da Katsina, ta kuma rasu a Atagara. Sauran, irin su ganuwar da ake jingina mata da almarar mazan da ba sa wuce dare guda a hannunta, daga bakin kakanni aka tsinto su. Wanda zai cika allo da wannan ɗan guzuri dole ya ƙirƙiri hira da hawaye da masoyi. Marokan fada ma haka suke yi tun fil azal.

Inda muke da magana shi ne wajen zaɓi. Tarihin Kano bai tsaya kan yaƙi kaɗai ba. Ya kawo cewa Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, cewa a zamaninta goro ya fara shigowa ƙasar Hausa, kayan fataucin yamma kuma suka kwararo, cikin shekara 34 na yaƙe-yaƙenta. Marubucin ya ga abin da takobin ya buɗe, wato hanya. Fim ɗin ya ɗauki takobin ya ɗaga sama, hanyar kuwa ta koma bayan fage, domin ayarin jakuna ba ya tsayar da numfashin mai kallo kamar sukuwar dawaki.

To, mu 'ya'yan wannan hanya ne. Ba da rundunar yaƙi kakanninmu suka iso bakin Kogin Wuri ba. Fatauci ya biyo da su ta Yola da Banyo da Ngaundere, suna sayen goron ƙasar Banso da Bamun, suna sauke kaya zango bayan zango, har suka kafa unguwa a Duwala tun zamanin Jamus. Layin da marubucin Kano ya yi a kan goro ya fi kusa da asalinmu fiye da duk wani fagen daga da aka haska. Shi ne kuma layin da yaron New Bell ba zai ji ba, ko da mahaifinsa na zaune gaban faifan goro a Babbar Kasuwa.

Akwai kuma batun harshe. Aminar allo da Turanci take ba da umarni, alhali Ali Nuhu na tsaye cikin 'yan wasan. Ɗanmu da ke fama da Faransanci a aji da Hausa a gida ya gamu da sarauniyar kakanninsa cikin harshe na uku.

Tarihin Kano yana nan da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga tun farkon shekarun 1930. Sakin layin Amina ba zai ci minti biyu ba. Malaman Islamiyyunmu da dattawan majalisa suna iya karanta wa yara shi bayan La'asar, sa'an nan a kunna fim ɗin, a bar su su nemo goron da kansu.