Wa Ya Kamata A Ba Aikin Rufin Ɗaki?

Da zarar kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, sai hankalin mutane ya koma ga gini, gama kowa yana so ya rufe ɗakinsa tun hadari bai taso ba. A lokacin nan ne a kan yi ta gardama a kan wanda za a ba aikin katako, watau ɗaura kan ɗaki da kafa ƙofa da taga. Waɗansu su ce kafintan gari, waɗansu su ce a ɗauko ɗan kwangila daga babban birni. Mu dai mun tsaya a kan na gida, amma da sharaɗi.

Kakanninmu ba su san ɗan kwangila ba. Magina su ke da su, da sarkinsu, wanda a kan kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. Da azara su ke rufi, wadda a ke tsagowa daga giginya, don gara ba ta cinta da sauƙi. Da su ka lura azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6, sai su ka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, har su ka iya rufe manyan soraye. Da wannan hikima Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, rufin kuwa ya yi fiye da shekara 100 yana tsaye. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da katakon Kudu su ka yawaita, sannu a hankali rabin aikin magini ya koma hannun kafinta. To, ƙasar da ta haifi irin waɗannan gwanaye, ya ya za a ce 'ya'yanta sun kasa ɗaura kan ɗaki biyu da zaure? Amma Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda na ke gani yau da gobe.

Babban dalilinmu shi ne kafintan gari ba shi da wurin gudu. Kasuwarku ɗaya da shi, in ɗaki ya yi yoyo an san ƙofar gidansa, in ya ƙi zuwa akwai mai unguwa. Sunansa shi ne jarinsa, rufi ɗaya ya kware a unguwa ya rasa aikin shekara. Baƙo kuwa, ranar da ya karɓi cikon kuɗinsa ya hau mota, shi ke nan. Abin dariya ma, sau da yawa in ɗan kwangila ya karɓi aikin, wannan kafintan da a ka raina shi zai nema ya ba shi jinga a kan kuɗi kaɗan, ya soke sauran a aljihu. Ashe mai gida ya biya tsada ne don a yi masa aikin araha.

Amma ku sani aikin nan ya bambanta da na tela, wanda kowa ke ganin ɗinkinsa a jikin riga. Ranar da a ka buga kwano a sama, a ka rufe silin a ƙasa, ba mai sake ganin katakon sai ran da ya karye. Nan ne ha'inci ke ɓuya. Ɗanyen katako ya fi busasshe araha, amma in ya sha zafin bazara a ƙarƙashin kwano sai ya karkace, ya tsage, ya saki ƙusa. Farin katako mai laushi, irin na obeche, abincin gara ne in ba a shafa masa magani ba, shi ya sa masu hankali ke neman maɗaci ko wani jan itace mai tauri. Wani kuma ya kan buɗa tazarar katakon don ya rage guda biyar ko shida ya sayar, ko ya sa gajerar ƙusa inda doguwa ta kamata. Abin da ya fi duka muni shi ne rashin ɗaure rufi da bango. Mutane su na tsammani iska tura rufi ta ke yi. Alhali kuwa in ta bi ta kansa da ƙarfi ɗaga shi ta ke yi sama, kamar yadda ta ke ɗauke faifai daga bakin ƙwarya. Saboda haka nauyin rufin kaɗai ba ya riƙe shi, sai an binne langa-langa ko rodi a cikin ginin, an naɗe katakon da ke kwance bisa bango. Mu da a ke horarwa don koyarwa, ya kamata wannan ya dame mu ƙwarai, domin kowace shekara hadarin farkon damina ya kan kware azuzuwa, yara su koma gindin itace.

Na gida ma yana da nasa aibin, ba mu ɓoye ba. Ya kan karɓi aiki uku a lokaci guda, ya ci kafin alƙalami, ya riƙa cewa gobe. Kunya kuma ta kan ɗaure bakin mai gida, gama kafintan surukin wansa ne, ko ɗan maƙwabcinsa. Masu gida su ma ba su kuɓuta ba, su kan matse lada har mai sana'a ya rasa abin kai wa iyali, sa'an nan su yi mamaki in ya rama a kan ƙusa.

Wanda ya karanta Risala ya san malamanmu sun sharɗanta a ambaci lada da ajali in za a ɗauki mutum aiki. Mu na ganin a ƙara da takarda, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. A rubuta irin katakon da kaurinsa da adadinsa, da ranar farawa da ta gamawa. Kafin haka mai gida ya je ya dubo ɗakin da kafintan ya rufe shekara uku ko huɗu da su ka wuce, ya tambayi masu kwana a ciki. Su tafi kasuwar katako tare, ya biya da hannunsa. In an gama ɗauri, ya hau tsani ya duba da idonsa, ko ya kira wani tsohon kafinta ya duba masa, kafin a ɗora kwano ko ɗaya. Kuɗin aiki kuwa a kasa shi uku: kashi ɗaya ran farawa, ɗaya bayan an duba ɗauri, na ƙarshe in an buga kwano. In mai gida yana so ya riƙe wani ɗan abu har ruwan farko ya sauka, to, ya faɗa tun da fari, a sa a cikin takardar, kada ya ɓullo da shi ranar biya.