Shata Ya Tafi, Ina Makaɗansa?

Ran Jumma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, cikin birnin Kano. Aka ɗauke shi aka kai Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, can aka rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Sa'an nan ni ina saurayi a nan Kusa, ƙasar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar. Ina tune da yadda labarin ya iso. Direbobi masu jiran a duba takardunsu suka kashe mota, aka taru kan rediyo guda. Mutanen Ɗan Isa da na Maraɗi da suka shigo cin kasuwa, su ma jikinsu ya mutu kamar namu, ba ka iya rarrabe wanda aka yi wa mutuwa da wanda ya zo gaisuwa.

Yau an fi shekara ashirin da biyar, muryarsa kuwa ba ta bar wannan hanya ba. An rufe iyaka cikin 2019, an sake rufewa cikin 2023, aka tsare shinkafa da mai, amma ba wanda ya iya tsare Bakandamiya. To, na ɗauki alƙalami ne domin in yi faɗa da mu kanmu, mu masu cewa muna ƙaunarsa. Yabo kam ya ishe shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988, Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma, malamai sun rubuta littattafai a kansa. Faɗana a kan mutanen da suka tsaya bayansa ne.

Ya kai mai karatu, ga jarrabawa, ka yi wa kanka. Ajiye littafin nan, ka faɗi sunan makaɗa uku daga cikin masu yi wa Shata kalangu. Na gwada wannan tambaya a kan mutane da yawa, har waɗanda suka haddace waƙoƙinsa kamar karatun allo. In an yi sa'a mutum ya kawo ɗaya, shi ma don Shata ya ambace shi cikin waƙa ne. Alhali kuwa cire kalangun nan da amshin nan, ka ga abin da ya saura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari in bayyana abin da nake nufi, don da yawa cikinmu muna jin kiɗa ba mu lura da aikin da ke ciki. Kalangu ice ne aka fafe, tsakiyarsa siririya, aka rufe bakinsa biyu da fata, aka ɗaure su da tsarkiya. Makaɗi ya rataya shi a hammata. In ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ƙwararren makaɗi yana iya sa kalangu ya yi magana, ya kira taken mutum har mai shi ya waiwayo daga nesa. Wannan ba a koyonsa cikin wata guda. Yaro yakan fara da ƙaramin ganga irin su kuntuku, ya yi shekaru yana bin manya kafin a sakar masa babban kalangu. Asalinsa kuma kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Ba ya cikin kayan fada irin su tambari da kakaki da algaita, ko taushi da kotso. Shata, ɗan Musawa da aka haifa cikin 1923, wanda ya fara da tallan goro, shi da mutanensa suka ɗauki wannan ganga ta talakawa suka shiga da ita gaban sarakuna da shugabannin ƙasa.

An san shi da cewa ba ya zama ya tsara waƙa tun da wuri. A fili yake ƙirƙira ta, nan take. To, ka tuna halin da makaɗansa ke ciki. Ba su san inda zai nufa ba. Dole hannu na kiɗa, baki na amshi, kunne na sauraron maigida, ido na kan kafaɗarsa. In ya ja baiti ya yi tsawo su jira, in ya yanke su cafe amshi ba tare da rata ba, in ya ga taro ya yi sanyi ya ɗaga murya su ƙara wuta. Shi kuwa yana tuƙa su duka da murya da ɗan motsin jiki, kamar yadda madugu ke tafiyar da ayari. Wannan gwaninta ta mutane da yawa ce a haɗe, ita ce kuma muka bari tana zubewa.

Turawa ma suna da irin wannan shugaba. A wurinsu makaɗa kan kai tamanin ko ɗari a zaune wuri guda, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, sai mutum ɗaya ya tsaya gabansu da ɗan siririn sanda yana nuna musu inda za su shiga da inda za su sassauta. Mu kira shi madugun makaɗa. Wani mashahuri cikinsu, Herbert von Karajan, mutumin Ostiriya, ya shugabanci babbar ƙungiyar makaɗan birnin Balin ta Jamus tun daga 1955 har 1989, shekarar da ya mutu, watau shekara goma kafin Shata. Me ya faru bayansa? Makaɗan suka zauna suka zaɓi wani, Claudio Abbado mutumin Italiya, kiɗa ya ci gaba. Ƙungiyar an kafa ta tun 1882, madugai suna zuwa suna wucewa, tana nan. Kowane makaɗi an rubuta sunansa, yana da albashi. Abin da ya fi burge ni kuwa, tun cikin 1972 Karajan ya buɗe makaranta a jikin ƙungiyar, inda tsofaffin makaɗa ke horar da samari, don kada hannu ya yanke.

Na san abin da wani zai ce: su kiɗansu a rubuce yake bisa takarda, kowa ya iya karatunsa sai ya maimaita, namu kuwa a ka yake. Gaskiya ne. Amma wannan magana ni take goyon baya. Abin da ke takarda yana iya jira shekara ɗari cikin akwati. Abin da ke hannun tsoho ba ya jira, ranar da aka kai tsohon makwanci an kai shi tare. Ni akawu ne, aikina ajiye takardu, na kuwa ga yadda gardamar gona ke ƙarewa in dattawan da suka san iyaka sun ƙare ba a rubuta ba. Ashe mu ne muka fi Jamusawa bukatar gaggawa.

Wani kuma zai ce, ai Shata ya yi wa giya waƙa, ya yi zambo mai zafi, kiɗa ma malamai sun yi magana a kansa. Hukuncin kiɗa na bar wa malamai, ni karatuna bai kai nan ba. Wanda ya ƙaurace wa kiɗa saboda tsoron Allah, ba ya ji ba ya kira, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da wanda ke sa kaset tun daga Katsina har Maraɗi nake, yana kaɗa kai yana buga sitiyari, ya sauka kuma ya ce makaɗi ba mutumin kirki ba ne. Kuskuren Shata tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, kuma shi ɗin dai ya yi waƙar Annabi, ya yi ta noma, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura wata cikin 1969 bai bari ya wuce ba. Karajan ɗin nan da na ambata, laifinsa ya fi nauyi, gama ya shiga jam'iyyar Hitila. Mutanensa ba su ɓoye ba, sun rubuta, sun yi ta muhawara a kai, amma ba su watsar da sana'ar don laifin mai ita ba.

Gindin cutar, in za mu faɗa wa juna gaskiya, raini ne. Mun haɗa mawaƙi da makaɗi da sanƙira mun kira su maroƙa, muka sa su ƙasan tabarma. Akwai wani dattijo a unguwarmu, makaɗin kalangu ne tun kakanni, ba bikin da aka yi ba da shi ba. Ɗansa ya yi makaranta, yana da sana'a, ya nemi auren wata yarinya. Aka hana shi, dalili guda: ɗan makaɗi ne. Uban yarinyar kuwa shi ne mai tara kaset ɗin Shata a garin! Daga ranar dattijon nan ya rataye kalangunsa, ya rantse ba jikansa da zai taɓa shi. Na shiga ɗakinsa bara na ga gangar, fata ta tsage, tsarkiya ta bushe, zanzaro ya yi gini a ciki. Wa zai zarge shi? Shata dai ya fi ƙarfin raini, domin ya yi suna ya yi dukiya, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa. Rainin da ba mu iya yi masa ba, shi muka sauke kan na bayansa.

Ga kuma zamani ya zo ya ƙarasa. Yanzu yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta a ɗaki yana fitar da amon ganga goma. Ba na ƙinsu, neman abinci suke, wasunsu ma da basira. Amma na'ura ba ta jin mawaƙi ya sauya hanya ta bi shi, ba ta kiran taken kowa. Waƙoƙin da aka ɗauka kuwa suna yawo cikin wayoyi a gutsure, an yanke kai an yanke gindi, ba shekara, ba wurin da aka yi, wani lokaci ma an liƙa wa waƙa sunan da ba nata ba. Haka na Narambaɗa, haka na Ɗanƙwairo da ya rasu cikin 1991, haka na Barmani Coge da ta rasu cikin 2013, da Ɗan Maraya Jos cikin 2015. Kowannensu mun yi kuka kwana uku mun koma harkokinmu.

Ba na cewa ba a yi kome ba. Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka tun 1975, Ibrahim Sheme da abokansa sun fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, cikin 2006. Allah ya saka musu. Sai dai littafi kalmomi yake riƙewa, ba ya koya wa yaro matsa tsarkiya. Maƙwabtanmu na ƙetaren iyakar nan sun ɗan riga mu. A Yamai akwai makarantar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, an kuma sa wa gasar mawaƙa sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Ƙasar da muke wa kallon ba ta kai mu arziki ba ke nan.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗin titi mil guda. Jihar Katsina tana da Hukumar Tarihi da Al'adu, tana da jami'o'i. A tura ma'aikaci da na'urar ɗaukar magana Musawa da Bakori da Funtuwa da Kano, ya nemi waɗanda suka rage cikin masu bin Shata, da 'ya'yansu, a rubuta sunan kowa da garinsu da gangar da ya riƙe. A bi gidajen rediyo, tun ba na Kaduna ba, da tsofaffin masu sayar da kaset, a kwafe abin da ke hannunsu cikakke, a sa wa kowace waƙa shekararta in an sani. Sa'an nan a ɗauki tsofaffin makaɗa ko da biyar ne, a yanka musu albashi kamar kowane malamin sana'a, a ba su yara. Mu kuma na gida, namu ya fi wuya ko da yake ba ya cin ko kwabo: in ɗan makaɗi ya zo neman aure, a bincika halinsa da sallarsa da sana'arsa kamar ɗan kowa.

Dattijon unguwarmu yana nan da ransa, idonsa ya raunana amma hannunsa lafiya lau. Na tambaye shi ko zai koyar in an kawo masa yara. Ya yi shiru, can ya ce in fara samo masa fatar ɗan akuya mai kyau, sa'an nan in kawo yaron da ubansa ya yarda. Fatar na samu tun makon jiya a wurin mahauta. Yaron nake nema.