Waiwaye: Yumɓun Gawi da Baƙon da Ba Ya Kwana

Tun ba a aza tubalin farko na birnin nan da muke zaune ba, Gawi tana nan da sarkinta da masu ginin tukwanenta. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kuseri, tsallaken kogi, inda Rabe da Lamy, kwamandan Faransawa, suka faɗi rana ɗaya. A shekarar ne Faransawa suka kafa sansanin da suka kira Fort-Lamy, sunan da ya zauna har 1973 da Shugaba Tombalbaye ya mai da shi Injamena. Gawi kuwa, wadda ake rubutawa Gaoui a taswira, ba ta wuce kilomita goma ba daga birnin ta arewa maso gabas. Garin Kotoko ne, su kuma Kotoko ga mutanen Sao suke jingina asalinsu.

Babu ɗan Chadin da bai san sunan Sao ba, ko da ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ce da ke ɗauke da shi. A bakin tsofaffi ƙatti ne majiya ƙarfi. Abin da ƙasa ta fitar da aka tona ta ya nuna mutane masu kafa garuruwa a kan tuddai a bakin Shari da Logon da kudancin Tafkin Chadi, masu zubin tagulla, kuma gwanayen yumɓu, har mamatansu a cikin manyan randuna suke binnewa. Mai Idris Alauma na Barno ya yaƙe su a ƙarni na 16. A shekarun 1930 Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka zo suka yi ta tono a tuddan yankin, kuma da yawa daga abin da suka samo yana gidajen tarihi na Faransa har yau. Mutanen waje sun ga darajar yumɓun nan, kuma darajar ta tafi ta bar masu ita. Wannan ne abin da ke damuna duk lokacin da na ji ana cewa yawon buɗe ido zai tayar da Gawi, domin tsarin da ake bi yau bai yi nisa da na wancan zamani ba.

A duba yadda ziyarar take gudana. Abin da ke kai baƙo Gawi sananne ne: tsohon gidan sarki, ginin ƙasa da aka mayar gidan tarihi, da bangayen da mata suke yi wa ado da zane, da matan da ke gina tukwane da randuna da hannu. Baƙon yana kwana a otal a Injamena. Da safe ya hau motar da aka yi masa haya a Injamena, wadda ta sha mai a Injamena, da ɗan rakiya mazaunin Injamena. Ya isa, ya zaga gidan sarki, ya ɗauki hotuna, kafin azahar ya koma birni cin abinci. Kuɗin kwana, na mota, na mai, na abinci, duk a birni suka zube. Abin da ya rage wa Gawi shi ne ɗan abin da aka bayar a ƙofar gidan tarihi da kuɗin 'yar ƙaramar tukunya, tunda randa ba ta shiga jakar mai hawa jirgi. Ko a ninka irin wannan baƙo sau goma, garin ba zai ji a jikinsa ba.

Kuma shi ma ba kullum yake zuwa ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, tarihin birnin nan kuma ya gaskata su. Yaƙin 1979 da na 1980 ya kwashe mutanen Injamena zuwa Kuseri. A Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar gari. A Yunin 2015 bama-bamai suka tashi a ofisoshin 'yan sanda, a Yuli kuma a babbar kasuwa. A 2020 annobar korona ta rufe filayen jiragen sama. Kowane karo ofisoshin jakadanci sukan gargaɗi mutanensu, baƙi su ɗauke ƙafa, kuma dawowarsu takan ɗauki shekaru. Mutanen Gawi ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma da a ce abincinsu ya rataya a kan baƙon nesa, su ne za su fara kwana da yunwa.

Wanda ke ganin na zafafa, ya tambayi mutanen Kure a Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a can 49 ne kacal, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. Aka haɗa kai da manoman yankin aka kiyaye su, har suka haura 600. Samarin ƙauyukan suka kafa ƙungiyar 'yan rakiya, suka koyi halin dabbobin, suka samu abin riƙe iyali. Aiki ne mai kyau, ba na rage masa komai. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Faransa ta sa kusan duk ƙasar a jerin wuraren da ba a zuwa. Raƙuman dawa suna nan suna kiwo, amma sana'ar da aka shafe fiye da shekara 20 ana ginawa ta tsaya a yini ɗaya. Argungu ta fi dacewa. Bikin kamun kifinta, da aka fara a 1934, ya tsaya kusan shekara goma kafin ya dawo a 2020, garin kuma bai durƙushe ba, saboda fadamar shinkafa da kogin ba su tafi hutu tare da bikin ba. Cikin shekarun da ba a yi biki ba ne ma, a 2017, aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a garin.

Mu Hausawan Chadi bai kamata wani ya koya mana yadda ake cin moriyar baƙo ba, don da yawanmu baƙunta ce ta ajiye kakanninmu a nan. Mahajjatan ƙasa ne, da suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram, suka ratsa Barno, suka ƙetare a Kuseri, suka nufi Abeshe da Darfur da bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru. Wasu guzuri ya ƙare musu, wasu suka yi aure, suka zauna. Zangon da suka kafa yana da tsari. Mai masauki ya ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in ciniki ya rikice. Matan gida su sayar da tuwo da fura. Mai ruwa, mai wanki, mai ciyawar dabbobi, wanzami, kowa ya samu rabonsa. Zango ya yi arziki ne saboda baƙon yana kwana, yana ci, yana da buƙatar da sai 'yan gari za su biya masa, kuma hanyar ba ta yankewa. Duk mai tsara wa ƙaramin gari ci gaba, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara yi: wane ne mai zuwa kullum, kuma a hannun wa kuɗinsa ke tsayawa?

Amsar ga Gawi tana nan cikin unguwanninmu. A ƙidayar 2009 mutanen Injamena sun kusa miliyan ɗaya, yau sun wuce haka nesa. A watan Afrilu zafi yakan haura maki 40. A duk faɗin Chadi kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun wutar lantarki, kuma mu nan Paris-Congo da maƙwabtanmu na Mursal mun san yadda ake kwana da yini babu ita. A irin wannan hali randa ce ke sanyaya ruwan gida. Jikinta yana tsatsafo da danshi, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi ba tare da an biya ko sisi ba. Tana tsakar gida, tana ƙofar masallaci, tana gindin bishiya inda mai neman lada ya ajiye wa masu wucewa. Jarkar roba ta fi ta sauƙin ɗauka, amma ruwanta da rana ba ya shayuwa. Matar da ta je kasuwar Dembe ta taya randa, ita ce babbar mai sayen kayan garuruwa irin su Gawi. Ba ta jiran biza, ba ta sauraron gargaɗin wani ofishin jakadanci, kuma in randar ta fashe za ta dawo.

Wannan kasuwa ce ba na jin ana ambata idan manya suka zauna tsara ci gaba. Tun da man Doba ya fara bin bututu zuwa Kiribi a 2003, aka buɗe matatar Jarmaya a 2011, aka je birnin Paris a Satumban 2017 neman kuɗin shirin raya ƙasa na 2017 zuwa 2021, lissafi na biliyoyi ake yi. Idan aka zo kan yawon buɗe ido, sai a ambaci tafkunan Uniyanga da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012, da duwatsun Ennedi da suka shiga a 2016. Wurare ne na alfahari, amma isa can sai mai kuɗi da mota mai ƙarfi da kwanaki a hanya. Abin da mai ginin tukwane ke buƙata ƙarami ne, shi ya sa ba ya shiga takarda: rumfar da za ta shanya kaya ba tare da ruwan bazata ya lalata mata aikin mako ba, abin hawa da zai kai randuna kasuwa ba tare da sun farfashe a hanya ba, wurin sayarwa nata na kanta a cikin birni don kada ribar ta ƙare a hannun 'yan tsakiya, da makamashin gashi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ta hana gawayi tun farkon 2009. Gashin tukwane a fili yana cin kara da ciyawa da kashin shanu, kuma duk waɗannan suna ƙara nisa yayin da gonaki da makiyaya ke komawa filayen gini.

Filayen nan su ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Injamena tana tafiya gabas da arewa, kuma tazarar da ke tsakaninta da Gawi kullum raguwa take yi. A 2014, da rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro 'yan Chadi mazauna can, a gefen Gawi aka kafa wa dubbansu sansani. Birni yana zuwa da alherinsa, amma yana zuwa da mai awo da mai sayen fili. Ga mai awo, ramin da mata ke ɗebo yumɓu fili ne da ba a gina ba. Ranar da aka yanka shi aka sayar, aka zagaye da bulo, sana'ar da ta girmi birnin ta mutu, ko da gidan tarihi yana nan da sabon fenti. Yarinyar da ba ta ga uwarta tana kwaɓa yumɓu ba, ba za ta koya daga kallon tukunya a bayan gilashi ba. Ga kuma ruwa. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna mana abin da damina mai ƙarfi ke yi wa ginin ƙasa, kuma gidan sarkin Gawi da bangayen adonta sai da yaɓe duk shekara suke tsayuwa. Yaɓen nan hannu yake so, hannu kuma sai wanda sana'a ta riƙe a garin.

Ban ce a rufe wa baƙo ƙofa ba. A sake duba wane ne baƙon, shi ne roƙona. A gandun Zakuma, inda giwaye suka ragu daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa ƙasa da 500 a 2010 kafin a shawo kan farauta, an ware masauki don 'yan ƙasa su je su ga dukiyarsu da idonsu. Gawi ta fi kowane wuri sauƙin yin haka, tunda ko a babur ana zuwa. Makarantun Injamena kaɗai, na boko da na Islamiyya, sun isa su cika garin da yara kowane mako na rani, su ga inda tarihin da ake karanta musu ya fito, su zauna gaban mai ginin tukwane su taɓa yumɓu, a biya ta ladan koyarwa. Iyalai su fita ranar hutu, su sami inuwa da ruwa da makewayi mai tsabta da abincin Kotoko na kifi da za su saya daga hannun matan garin. Wanda ya zo da mota ko amalanke zai iya komawa da randa. In Bature ko Balarabe ya zo a kan wannan, marhabin da shi, ya tarar da gari mai rai.

Amma akwai abin da ya riga duk wannan gaggawa, kuma ba ya buƙatar taron masu ba da lamuni. Sarkin Gawi da dattawansa da hukumar da ke raba filaye su fita tare da matan da ke sana'ar, su nuna ramukan yumɓu ɗaya bayan ɗaya, da filin gashi, da hanyar da ake bi zuwa gare su. A auna, a kafa alama, a rubuta a takardar hukuma cewa na gari ne, ba a sayarwa, a ba matan kwafi su riƙe a hannunsu. Aikin bai fi na 'yan makonni ba, kuma sai an yi shi kafin masu sayen fili su riga isa wurin.